Kwana Ɗari da Takwas Ba Ta Ce Masa Uffan Ba

Sunana Everett Sandquist, lauya mai ritaya a garin Kessler da ke jihar Iowa ta Amurka. Shekara talatin da huɗu na yi ina rubuta wasiyya da takardun gonaki, ban taɓa ɓatar da takarda ko guda ba. Abin da zan bayar a nan daga littafin ajiyata na ɗauko shi, da ranarsa da sa'arsa. Duk wanda ya ba ku shi dabam, ku ce ya zo da nasa littafin mu gwada.

Lyle Tenhoff ɗan barkwanci ne a ƙaramin gidan talabijin na yankinmu. Kowace Juma'a da ƙarfe shida na yamma yana da shiri na rabin sa'a, inda yake sa jar kwat ya yi wa 'yan siyasa shaƙiyanci, kuma shi ne yake fara dariya kafin kowa. A cewarsa ƙasar nan ba ta haifi mai ban dariya kamarsa ba, nisa ne kawai ya hana New York sani.

Ranar Talata, shida ga Oktoba, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ya faɗo ɗakin karatuna ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

"Lauya, za a yanka ni!"

"Zauna. Wa zai yanka ka?"

"Bernadette mana!" Bernadette Kroll ita ce manajar gidan talabijin ɗin. "Wai masu kallona sun ragu. Wai in ba su ƙaru ba zuwa farkon Fabrairu, za ta ba shirin farashin masara lokacina. Masara, Lauya! A madadina!"

"Mutane suna son sanin farashin masara."

"Har da kai?"

"Ina da gona."

Ya harare ni, ya gyara wuyan kwat. "To buɗe kunnenka. Zan tsaya takarar shugaban ƙasa."

Na rubuta wannan, na kuma rubuta lokacin, ko likita zai buƙata daga baya.

Dabarar tasa ga ta. Doka ta ƙayyade yawan kuɗin da mutum ɗaya zai iya bai wa ɗan takara. Amma kwamitin da ake kira mai zaman kansa yana iya karɓar ko nawa ne, ya kashe wajen tallata ɗan takarar, da sharaɗi guda: kada ɗan takara da shugaban kwamitin su haɗa baki a kan yadda za a kashe kuɗin. Lyle ya ce zai nuna wa duniya cewa wannan sharaɗi wasan yara ne. Zai kafa kwamiti, ya ɗora wanda suke cin abinci a tebur ɗaya a kansa, su riƙa ƙifta wa juna ido a gaban kyamara, ƙasa ta yi ta dariya.

"Wa za ka ɗora?" na tambaye shi.

"Mama Opal."

Opal Dietz surukarsa ce, uwar matarsa Marjorie. Shekarunta saba'in da tara, kuma shekara arba'in ta yi tana riƙe da asusun cocinmu. A gidanta Lyle da Marjorie suke zaune. Sun tare ne na ɗan lokaci kafin su sami nasu, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

"Lyle," na ce, "ka sake tunani."

"Haba Lauya! Tsohuwa ce. Abin da na ce shi za ta yi. Ko ido na kanne mata ta gane."

Ranar Juma'a, sha shida ga Oktoba, aka kawo Opal cikin shirin da kwandon saƙarta. Na ajiye takardu a gabanta. Ta karanta su duka, shafi goma sha huɗu, kyamara tana jira, Lyle yana ta rawar ƙafa. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Lauya, faɗa mini tsakaninka da Allah. Doka ce ta hana ni magana da shi?"

"A kan harkar kamfe, ƙwarai kuwa."

"To ta yaya zan bambance maganar kamfe da wadda ba ta kamfe ba? Mutumin nan ko gishiri ya nema sai ya yi jawabi."

"Bambancewar tana da wuya."

"In na daina yi masa magana gaba ɗaya fa? Na saɓa doka?"

"Ko kaɗan."

Na san Opal tun ina saurayi, ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na wannan lokacin ba. Ta sa hannu da ƙarfe shida da minti ashirin da biyu. Lyle ya juya ga kyamara ya ƙifta ido da ƙarfi, ya ce, "Daga yau ba ma magana, ko Mama?" Ya zungure ta da gwiwar hannu. Ta tattara saƙarta ta fita.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauka wasan ne ya fara.

Abin da ya faru washegari wajen karin kumallo Marjorie ce ta ba ni, ita kuwa ba ta ƙari.

"Mama, kin burge jiya! To yanzu ga abin da za ki yi da kuɗin in sun shigo..."

Opal ta zare na'urar jin da ke kunnenta, ta ajiye a faranti kusa da kofinta, ta ci gaba da shafa wa burodi man shanu.

"Mama! Ai babu kyamara a nan!"

Opal ta gutsuri burodinta.

"Marjorie, ki gaya mata babu kyamara."

"Ni ba ruwana. Ta ce in na kai mata saƙonka ni ma na shiga laifi."

Kuɗi kuwa suka yi ta shigowa, don mutanen yankinmu suna son ganin ƙarshen abu. Tun da doka ta wajabta wa kwamiti ya bayyana abin da ya samu da abin da ya kashe, nakan karanta rahoton Opal kamar kowa. Kafin ƙarshen Nuwamba ta tara dala dubu sittin da uku da ɗari huɗu da goma sha biyu. Asusun Lyle na kansa yana da dala ɗari uku da arba'in, hamsin a ciki nawa ne.

Tallar farko ta fito ranar talatin ga Oktoba, a tsakiyar shirin Lyle. Opal ce zaune a ɗakin girkinta tana saƙa.

"Sunana Opal Dietz. Lyle Tenhoff mijin 'yata ne, kuma yana son ya zama shugaban ƙasa. Ba ya sata, ba ya dukan kare. Shekara shida ke nan da ya yi alkawarin gyara mini indararo, har yau a baranda ruwa yake zuba. Kun ga ke nan ya riga ya iya aikin. Ku zaɓe shi don Allah. An ce ana ba su gida a Washington."

Da safe na tarar da shi a gidan abincin Doreen, inda manoma suke shan kofi. Gus Rademaker, mai kiwon aladu, ya miƙe ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, shugaban ƙasa! Ya iyali? Ya indararo?"

"Kai Gus, ba ka san dabara ba. Ni na tsara tallar nan."

"Au, kun haɗa baki ke nan? Lauya, ka ji da kunnenka."

"Ban ce mun haɗa baki ba!"

"To ba kai ka tsara ba."

"Na tsara... a zuciyata."

Doreen ta ajiye masa kofi. "Shugaba, in ka tare a Washington ka bar mana tsohuwar. Jiya har sai da mijina ya ƙware don dariya. Shekara goma sha ɗaya yana kallon shirinka, ban taɓa jin ya yi ko tari ba."

Lyle ya koma gida ya rubuta wasiƙa mai shafi biyu ya manna a jikin firiji. Bayan kwana biyu wasiƙar ta iso ni ta gidan waya, a cikin ambulan, ko da yake gida huɗu ne tsakanina da su. Opal ta haɗa da 'yar takarda: "Na tsinci wannan. Ban karanta ba. Ka ja wa wanda kake wakilta kunne." Na ja masa.

Ranar sha uku ga Nuwamba talla ta biyu ta fito. An rubuta a sama, "Abin da Lyle zai yi in kun zaɓe shi." Sai ga wani ƙaƙƙarfan mutum cikin jar kwat, ya ba kyamara baya, ya hau tsani, ya cire tsohon indararon gidan Opal ya kafa sabo fil. Ba a ce komai ba har tallar ta ƙare.

Lyle ya zo mini yana huci.

"Ta gyara gidanta da kuɗina!"

"Ba kuɗinka ba ne. Kwamitin mai zaman kansa ne. Ka faɗi haka a talabijin sau tara, na ƙirga."

"Wancan mutumin ba ɗan wasa ba ne, mai gyaran rufi ne! Na san shi!"

"A rahotonta ta rubuta: ladan ɗan wasa guda ɗaya, da kayan wasa, indararo ƙafa arba'in."

"Kuma doka ta yarda da wannan? Ai wannan raina hankali ne!"

"Na ɗauka abin da ka fito nunawa ke nan."

Sai kuma idonsa ya kawo haske, abin da a sanina da shi bai taɓa zama alheri ba.

"Lauya, in na yi magana a bainar jama'a, kowa yana ji, ita ma ta ji, haɗa baki ne?"

"A'a. Manyan 'yan takara ma haka suke yi."

Juma'ar da ta biyo baya ya tsaya a gaban kyamara ya ɗaga hannu. "Ba da kowa nake ba. Da Amurka nake magana. Amma da a ce akwai wata baiwar Allah mai riƙe da wasu kuɗi, da na so ta kafa hotona a babban allo a bakin babbar hanya. Hoto mai kwarjini, irin na shugabanni!"

Matsalar ita ce Opal ba ta kallon shirinsa. Ba ta taɓa kallo ba. Juma'a da ƙarfe shida take buga karta da matan coci. Sai da maganar ta bi ta bakin Gus, ta bi ta bakin Doreen, ta bi ta bakin matar fasto, sannan ta isa teburin karta, kuma abin da ya rage a cikinta shi ne "hoto" da "babba".

Ranar bakwai ga Disamba aka kafa allon, faɗinsa ƙafa arba'in da takwas. Hoton na ranar bikin Godiya ne, da muke yi a ƙarshen kowace Nuwamba: Lyle a kujera yana sharar barci, baki buɗe, cinyar talotalo a kan ƙirjinsa. A ƙasa an rubuta, "LYLE TENHOFF: BA ZAI TSOKANO MANA YAƘI BA." Direbobin manyan motoci suka riƙa danna oda in sun zo wucewa. Wasu daga jihohin maƙwabta suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto.

Masu kallon shirin sun ƙaru har ninki uku. Lyle ya ja ni zuwa ofishin Bernadette don in zama shaida.

"To Manaja, ina masararki yanzu?"

Ta juyo masa da takarda. "Duba nan. Shida da minti goma sha huɗu suke kunnawa, lokacin tallar Opal. Shida da minti goma sha shida su kashe."

"Ƙarya ne! Ni suke jira, haƙuri ne ba su da shi."

"To mu gwada. Ranar taron zaɓen fid da gwani na jam'iyya zan kai kyamara. Ka san ƙa'ida: wanda bai sami goma sha biyar cikin ɗari ba ya faɗi. In ka samu, shirinka ya tsira. In ba ka samu ba, masara."

"Goma sha biyar? Rabin ɗakin zan kwashe! Lauya, rubuta."

Na rubuta.

Saura mako biyu a yi taron, ya ga lallai sai ya sa Opal ta yi talla mai cewa a fito a tsaya masa. Ranar Asabar, sha shida ga Janairu, da ƙarfe uku na rana, ya ari tsani da lasifikar hannu daga wurin Gus. Ya kafa tsanin a jikin gidan, saitin tagar ɗakin Opal na sama, cikin dusar ƙanƙara mai kai wa gwiwa. Maƙwabta suka firfito da rigunan sanyi.

"Lyle," na ce daga ƙasa, "wannan ya yi kama da haɗa baki."

"Ina waje, Lauya! Waje bainar jama'a ne!" Ya kafa lasifika a jikin gilashi. "Ya ku mutanen Amurka! Musamman na ɗakin sama!"

Labule ya buɗe. Opal ta dube shi, ta nuna masa kunnenta babu na'ura, ta rufe labule.

"Shugaba, ƙara murya!" in ji Gus. "Amurka ba ta ji ba!"

Ya ƙara hawa mataki ɗaya. Tsanin ya zame a kan ƙanƙara. Lyle ya saki lasifika ya cafki sabon indararo, ya yi lilo na daƙiƙa bakwai yana kiran Marjorie, sannan shi da ƙafa goma sha biyu na indararon suka sauko tare cikin tulin ƙanƙara. Jar kwat kawai ake gani. Bai ji rauni ba. Doreen kuwa ta ɗauki komai da wayarta.

Tallar ƙarshe ta Opal wannan hoton ne, da muryarta a kai: "Bayan shekara shida, yau ya taɓa indararo. A ba shi lokaci."

Ranar Litinin, ɗaya ga Fabrairu, da ƙarfe bakwai na yamma, muka taru a ɗakin ƙwallon kwando na makarantar gari, kamar yadda muka saba duk shekara huɗu, kowa ya je ya tsaya a kusurwar ɗan takararsa a ƙirga shi. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu suka shigo. Lyle yana buƙatar talatin da biyu. Ya zo da kujeru ɗari na haya.

Opal ta zauna a benci kusa da ƙofa, da saƙarta da faranti shida na kek ɗin tuffa. Ba ta kira kowa ba. Mutane dai suka riƙa tsayawa gaishe ta, kuma ba su wuce ba.

Da shugaban taron ya ƙirga, kusurwar Lyle tana da mutum huɗu: shi, da Marjorie, da ni, da Gus, wanda ya bayyana a fili cewa na'urar ɗumama ɗaki ce ta kawo shi wajen. A gewayen Opal mutum casa'in da bakwai.

"Ita ba 'yar takara ba ce!" Lyle ya hau kujera. "Jama'a, nawa ne ku! Kwamitina ne! Ku matso nan!"

"Kana da kek?" wani ya tambaya.

"Ina da manufofi!"

"To ci abinka."

Shugaban taron ya ce duk rukunin da bai kai ba yana da minti goma sha biyar ya ƙaru ko ya watse. Gus ya shaƙi ƙamshin tuffa, ya ce, "Shugaba, ka yafe ni," ya tafi. Marjorie ta daɗe tana duban mijinta, tana duban benci.

"Marjorie, har da ke?"

"Uwata ce, Lyle. Kuma a gidanta za mu kwana."

Ni na tsaya, don na yi masa alkawari. Muka zauna mu biyu a gaban kujeru casa'in da takwas, kyamarar Bernadette tana kallonmu. Da ƙarfe bakwai da minti hamsin da biyu Lyle ya miƙe, ya karkaɗe kwat, ya ce saboda haɗin kan ƙasa ya janye. Sannan ya taka har gaban benci.

"Mama, na janye. Yanzu babu dokar da ta hana."

Opal ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta yi ajiyar zuciya, ta lalubo na'urar ji a kwando ta maƙala.

"Ka karya mini indararo," ta ce.

Kwana ɗari da takwas, kuma wannan ce maganar farko.

Bernadette ta kutso ta cikin jama'a. "Mama Opal, rabin sa'ar nan taki ce in kina so. Masara ta jira."

"Ba Juma'a ba. Ina da karta."

"Alhamis?"

"To. Amma ki bar shi a ciki, ya riƙe mini zare. In ba haka ba a gida zai riƙa yini."

Lyle ya juya ga kyamara. "Kun ji? Ba a iya shirin sai da ni!"

"Akwai kuma wani abu," in ji Opal. Ta zaro takardu daga ƙarƙashin saƙa, na hango shafi goma sha huɗu ne. "Matan coci sun matsa in tsaya takarar nan da kaina a zaɓe mai zuwa. Zan buƙaci kwamiti mai zaman kansa. Ana neman wanda ya fi kowa sanin dokar nan a faɗin jihar ya shugabance shi."

Ƙirjin Lyle ya kumbura. Na yi gyaran murya har sau biyu, bai waiwayo ba.

"Mama, kin zo wurin da ya dace. Wa ke da biro?"

Biro goma sha ɗaya aka miƙo masa. Ya zaɓi na Gus, ya rattaba hannu da wani irin lanƙwasa, ya ɗaga takardar sama ana tafi.

"Lauya," in ji Opal, "yaushe sharaɗin yake fara aiki?"

"Ya riga ya fara."

"Zuwa yaushe?"

"Shekara huɗu, in Allah ya kai mu."

Ta zare na'urar ta mayar cikin kwando. Bisa agogona, hirarsu gaba ɗaya ta ɗauki minti huɗu da daƙiƙa goma.

Yanzu kowace Alhamis da ƙarfe shida Opal tana zama a gaban kyamara tana saƙa, tana faɗin ra'ayinta a kan al'amuran ƙasa. Lyle yana gefenta cikin jar kwat, zare a naɗe a hannayensa biyu, doka ta hana shi buɗe baki. Da zarar ya motsa leɓe, sai ta dubi inda nake zaune da littafina, shi kuma ya haɗiye. Babu shirin da ya kai shi masu kallo a yankinmu. Na kuma rubuta, don tarihi, cewa wannan ne karo na farko da jama'a suke riga Lyle Tenhoff dariya.